Kashin Hawainiyar Alfred

A watan Mayun 2006, Alfred, tsohon direban bas da ke zaune a hawan ƙasa na wani gida a unguwar Withington ta birnin Manchester, ya kwanta asibiti a yi masa aikin ƙugu. Kafin ya tafi, ya hau da hawainiyarsa wurin maƙwabcinsa Saeed, ɗalibin lissafi daga Zariya, ya bar masa amana.

Hawainiyar tana zaune a akwatin gilas mai ɗauke da ƙasa, rassa, ganye mai rai, da ƙananan ƙwari da aka zuba da gangan don su riƙa cinye datti. Nauyinta giram 140, kuma tana ramewa. Likitar dabbobi ta ce tsutsar ciki ce, amma ba za ta ba da magani ba sai ta ga irin tsutsar a kashin da bai wuce kwana ɗaya ba. In nauyin ya sauka ƙasa da 120, maganin ma kashe ta zai yi. Hawainiyar kuwa sau ɗaya take kashi a mako.

A makon ne matar Saeed, Sadiatu, ta haihu. Mahaifiyarta, Hajiya Salimatu, ta zo zaman jego daga Birmingham, inda ta shekara goma sha tara tana aikin shara a gidan tsofaffi.

Ranar Laraba Saeed ya dawo daga jami'a ya tarar gilas na ƙyalli. Hajiya ta kwashe kashin, ta tankaɗe ƙasar da rariya ta fitar da ƙwarin, ta goge ganyen ɗaya bayan ɗaya.

Tun aurensa Saeed bai taɓa cin abinci a gaban surukarsa ba, balle ya ambaci kashi. Ya je wurin matarsa.

"Ki gaya wa Hajiya ta riƙa barin abin."

"You tell her. Ni ga nawa mai kashin a hannu."

Da ya matsa, ta leƙa falo. "Mma, ya ce kada ki wahalar da kanki."

"Ɗan kirki," in ji Hajiya. "Wace wahala?"

A mako na biyu ya gwada da kansa. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya gaishe ta sau uku, idonsa a ƙasa.

"Hajiya, dabbar nan, akwai abin da takan ajiye."

"Na gani, Malam, na kwashe. Kada ka ji nauyi, ai ba kai ka yi ba."

Nauyin hawainiya ya koma 126.

A mako na uku wasiƙar tuni kan kawo kashin ta zo daga likitar. Saeed ya manna ta a jikin firij ya fita. Hajiya ta karanta, ta ce wa 'yarta, "Me ya hana a faɗa?" Ita ma ba ta ce wa Saeed komai ba. Ta ɗauki cokalin shayi ta zauna gaban akwatin kwana biyu. Ranar Alhamis, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, hawainiya ta yi. Hajiya ta zuba a kwalbar man shafawa da ta tafasa. Tana da walima a unguwar Balsall Heath, can Birmingham, ran nan, kuma ba ta ga dacewar barin irin wannan abu a gidan jariri ba, sai ta jefa a jaka ta hau jirgin ƙasa.

Da Sadiatu ta gaya masa, Saeed ya bi ta a jirgin rana. Ya tarar da mata goma sha huɗu a falo, ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Na zo karɓar saƙo."

Hajiya ta kawo kwalbar a faranti, naɗe da hankici. Wata ƙawarta, Hajiya Raki, ta miƙo hannu.

"Humra ce? A ɗan shafa mana."

"Ta maza ce," in ji Hajiya Salimatu.

"Suruki da gata. Nawa ko ruwa sai ya roƙa."

Suka rantse ba zai tafi bai ci wake da shinkafa ba. Da yake ba zai ci a gaban surukarsa ba, aka ajiye masa kujera a ƙarƙashin bene, inda ake rataye riguna. Sau uku ana ƙara masa. Kafin ya koma Manchester an rufe asibitin dabbobi.

Washegari ya isa da kwalbar saura minti ashirin kashin ya cika kwana. Likitar ta sami tsutsa iri biyu. Aka auna hawainiya, giram 122, aka ɗura mata maganin a take.

Likitar ta ce a shekara goma sha ɗaya ba a taɓa kawo mata kashi mai tsabta haka ba, ko ƙwayar ƙasa babu. Ta miƙo masa takarda ya cike. A gurbin sunan wanda ya ɗebo, Saeed ya ɗan tsaya, sannan ya rubuta nasa.