Man Takalmi a Gemun Baba

Tun da Jamusawa suka zagaye unguwarmu da waya, suka ce nan Yahudawan garin za su zauna, Berish ya samu hula da sanda. Da can dako yake yi a tashar jirgin ƙasa. Majalisar da Jamusawa suka naɗa daga cikinmu ta ɗauke shi ɗan sanda, ya daina gaida mutane. Wuyansa ya yi kauri a shekarar da kowa ke rage ƙugun wando.

Ni na dawo daga Viyana da karatun haɗa magunguna, na tarar babu abin haɗawa. Na koma ɗinka maɓalli a rigunan sojan Jamus, a shagon da Baba yake yanka yadi. Ladanmu ruwan miya da burodi.

Da sanyi ya fara shigowa, magana ta bazu cewa za a kwashe tsofaffi. Ba a faɗi inda za a kai su ba. Waɗanda aka kwashe a baya, tufafinsu ne suka dawo shagonmu cikin buhuna, mu cire musu taurarin rawaya da aka tilasta wa Yahudawa sawa, mu gyara.

Baba yana da ƙarfinsa, hannunsa ba ya rawa a kan almakashi. Gemunsa ne matsalar, fari fat har ƙirji.

"Baba, a aske shi. In babu gemun nan, wa zai kira ka tsoho?"

"Uwarki ta nemi a rage shi tun ba a haife ki ba, ba ta samu ba."

"Ba wasa nake yi ba."

"Ni ma haka, Gitla. Reza ba ta taɓa fuskar ubana ba, ba ta taɓa ta kakana ba. Sun karɓe gida, sun ƙone ɗakin ibada. Wannan kam a fuskata ya tsiro."

A layin burodi Berish ya same ni. Ya taɓa mini kafaɗa da bakin sanda.

"Likitar Viyana. Yaya Reb Fishel? Har yanzu yana share ƙasa da gemu?"

Na ce Baba yana nan lafiya.

"Ina da maganin da ba a koya muku a can ba." Ya buɗe aljihu ya nuna mini ƙaramin gwangwani. Baƙin man takalmi ne, irin wanda ake raba wa 'yan sanda. "A shafa a taje, ya koma ango. Rabin layinku ni na yi musu. Me kuke da shi a gida?"

Na kai masa mazaunin kyandir na tagulla, wanda mahaifiyata take kunnawa duk jajiberin Asabar. Ya auna nauyinsa a hannu, ya yatsine fuska, ya karɓa. Ya tambaye ni hawa na nawa muke, wace ƙofa, don in wani abu ya taso ya san inda zai leƙo. Na gaya masa.

Baba bai yi gardamar shafawa ba. Ya ce Littafi aski ya hana, bai yi maganar man takalmi ba. Na zaunar da shi kusa da taga na taje masa. Ɗakin ya cika da wari.

"To, yaya? Na yi kama da saurayi?"

"Ka yi kama da takalmin saurayi."

Ya yi dariya har tari ya kama shi.

Ranar da suka zo, da safe aka ce kowa ya sauko tsakar gida. Na jiƙa jar takarda na goga wa Baba a kumatu, don ya yi kama da mai jini a jika. Muka jeru a gindin bango. Wani hafsan Jamus yana tafe a hankali, yana nuna mutane da yatsa, 'yan sandanmu suna ja zuwa amalanken da ke bakin ƙofa. Ya nuna matar mai gyaran agogo. Ya nuna wani mai tari. Ya iso kan Baba, ya kalle shi sama da ƙasa, Baba ya banƙare ƙirji. Ya wuce.

Muka hau sama. Baba ya zauna a bakin gado. Na raba mana burodin gobe muka cinye.

Da rana ta karkata, sai muka ji takalma a matakala. Ba su tsaya a hawan farko ba, ba su buga ƙofar kowa ba. Kai tsaye ƙofarmu. Berish ne, hular a karkace, gumi na zuba.

"Reb Fishel, ɗauki rigarka."

Na sha gabansa. "An duba shi da safe. Bajamushen ya wuce shi, kana tsaye."

"Amalanke bai cika ba. Sun ce duk ɗan sandan da bai cike nasa kason ba, a gidansa za a cike. Uwata tana can, da matata."

"To ka nemi wani wuri."

"Ina zan nema? Kowa ya ɓoye nasa a bayan kabad, a ƙarƙashin daɓe. Waɗanda na sani su ne waɗanda suka saya a wurina. Na riga na sauko da uku daga layin nan."

"Ka karɓi kayan uwata, Berish."

"Na ba ki kaya. Bai yi aiki ba? Da safe ai ya yi."

Baba ya miƙe yana neman hannun riga. Ya ce, "Berish, na san ubanka. Ni na ɗinka masa rigar aure."

"Allah ya ji ƙansa. Yi sauri." Sai ya tsaya ya ƙura wa gemun ido. "A'a, ba haka za ka sauka ba. Wanda ke bakin amalanke tsofaffi yake karɓa. Ya ga baƙin gemu ya koro mini kai, na yi asarar hawa. Likita, wanke masa."

Na ce ba zan wanke ba. Ya ɗaga sanda. Baba ya ce a bari, shi zai yi, ko ba komai ba ya son ya je gaban Ubangiji yana warin takalmi. Ya sunkuya a kan kwano. Ruwan sanyi ne, babu sabulu, man ya ƙi fita, sai ma ya ɓata masa wuya. Berish ya ɗebo toka daga murhu, ya damƙi gemun da hannu ɗaya yana dirza da ɗayan. Kan Baba yana gaba yana baya. Gashi yana tsinkewa yana faɗawa cikin kwanon. Na riƙe hannun Berish, ya make ni da gwiwar hannu na faɗa jikin gado, bai ko juyo ba.

Da ya gama, gemun ya fito toka-toka, leɓen Baba yana jini.

"Yauwa. Yanzu ka zama kai."

Baba ya ɗora mini hannu a ka, ya fara addu'ar da ake yi wa 'ya'ya. Berish ya ja shi kafin ya kai rabi. Na bi su har matakala. Baba ya ce in koma, kada a haɗa da ni. Na tsaya.

Sun sauka hawa ɗaya, sai Berish ya ce wa Baba ya jira. Ya hauro da gudu, ya wuce ni ya shiga ɗakin, yana dube-dube a kan taga.

"Ina gwangwanin? Ai ba ku ƙarar ba."

Ya gan shi kusa da mataji. Ya buɗe, ya leƙa, ya rufe.

"Gobe layin masu burodi za a shiga," ya ce, ya jefa shi a aljihu.