Dakan Yashi

A shekarar da damina ta yi wa Matameye rowa, har sojojin da ke mulki suka koma rabon garin masara niƙaƙƙe da tiya, turame duk sun kifa baki a gindin danga. Shi ya sa ranar da ƙarar taɓarya ta tashi daga gidan Shekara da hantsi, unguwa ta yi tsit tana saurare.

Abin da ya fi ɗaure wa mata kai shi ne salon dakan. A buga ashirin a tsaya, a ɗan jima a sake ashirin. Wace irin mace ce take daka tana ƙirgawa, kuma me ta samu da za ta daka?

Shekara dattijuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa. Wata biyu kafin nan jiri ya kayar da ita a gaban randa, aka kai ta asibitin gari, aka ce hawan jini ne. Labari ya isa Yamai wurin ɗanta Muntaka, wanda ke aiki a sashen da ake motsa wa masu shanyewar jiki gaɓoɓi. Sai dai Muntaka ɗan fari ne, kuma ita Shekara ba ta wasa da kunyar ɗan fari. Shekaru talatin da shida sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. In ya zo ganin gida, bango take kallo ta ce, "A ce wa baƙo ga abinci." Da ita ake yi wa amare misali a unguwar, kuma ba ta da wata dukiya da ta wuce wannan shaidar.

Shi kuwa ya san uwarsa sarai. Bai rubuto wasiƙa ba, ya dai ba wani direba ƙullin magani da ƙaramar rakoda da kasat guda. Kwana bakwai kayan suna ƙarƙashin gado. Amma son sanin abin da ke cikin ƙulli ba ya barin tsoho balle yaro. A rana ta takwas ta saki asabari, ta danna maɓallin da direban ya nuna mata.

"Inna, ina kwana. Na san ba za ki amsa ba, ni ma ba amsa nake nema ba. Magani kaɗai ba ya sauke tansiyo, wato hawan jinin nan naki. Daka da jan guga da zuwa gona su ne suke riƙe da jikinki, fari ya kwashe su, kin koma zama. Tashi tsaye. Ɗaga hannu biyu sama kamar mai daka, ki sauke a hankali. Ni zan ƙirga. In mun kai ashirin ki ja numfashi, ki zaga tsakar gida sau biyar. Kika ji jiri ko ƙirji ya ɗaure, ki zauna nan take. Duk Jumma'a ki je a auna ki, za su aiko mini da sakamakon."

Ta gwada sau ɗaya, kunya ta kama ta. Babbar mace tsaye tana cusa wa sama hannu babu komai, kamar mai kamun ƙuda! Ga danga duk ɓula, ga idon maƙwabta. In aka tambaye ta wa ya sa ta, me za ta ce? Sai dabara ta faɗo mata. Ta tayar da turmi, ta zuba yashi rabi, ta zaɓi taɓaryar da ta fi rashin nauyi. Rakoda kuma ta ajiye ta a bakin ɗaki ƙarƙashin kwando, ta rage murya. Duk wanda ya leƙo, mace zai gani tana dakanta.

Abin ya karɓe ta. Ciwon ƙeya ya lafa, ma'aikacin asibiti ya fara gyaɗa kai in ya kwance abin awo daga damtsenta. Wani abu kuma da ba ta zata ba, ta shiga nazarin muryar. Ashe yana da 'yar in'ina a kan "bakwai". Ashe gyaran muryarsa irin na mahaifinta ne sak. Duk safiya sai ta tsinci sabon abu, kuma gaskiyar magana daɗi take ji ƙwarai.

Ana nan sai ga maƙwabciyarta Baiwa ta shigo da ƙoƙo a ƙarƙashin mayafi. Shekara ta yi wuf ta rufe turmi da faifai, ta kashe rakoda kamar mai gyara kwando.

"Yaya Shekara, ba tsaba nake roƙo ba. Ko dusa ce ki sam mini, in dama wa jikoki."

"Wallahi babu, Baiwa."

"Babu? To wannan da muke ji kullum, ganga ce?"

Shekara ta sunkuyar da kai. Baiwa ta daɗe tana kallon faifan, sannan ta ce, "Shekaru arba'in muna ɗebo wuta a murhun juna." Ta juya da ƙoƙonta wayam.

Ciki da yunwa ba ya riƙe magana. A lokacin kuwa kullum rediyo na shelar cewa duk wanda ya ɓoye hatsi a kai ƙararsa. Kwana huɗu bayan haka, tana tsakiyar zagayen tsakar gida, wani jandarma, irin sojan nan mai aikin 'yan sanda, dogo mai suna Attaher ya yi sallama, mata sun fi goma a bayansa, Baiwa a can ƙarshe. Baƙo ne a garin, Hausarsa ma ta koyo ce.

Ya leƙa rumbu, ya tarar da gizo-gizo. Ya ɗaga faifai, ya cusa hannu a turmi, ya ɗebo ya murza. Ya sansana, har ya ɗan lasa.

"Tsohuwa, yashi kike ci?"

Kafin ta sami abin faɗa, kwando ya yi gyaran murya. "Madalla, Inna. Koma wurinki. Hannu sama. Ɗaya, biyu, uku..."

Mata suka dubi juna. Duk sun gane muryar, kuma nan take suka gane komai. Baiwa ta dafe baki. Attaher dai bai gane ba. Ya ture kwando, ya ɗauki rakoda yana jujjuyawa.

"Kasat daga ina?"

"Yamai," in ji Shekara.

"Mutum a Yamai yana ba da oda, ɗaya biyu, kamar a bariki. Wane ne?"

"Likita ne. Maganin tansiyo ne."

"Sunansa."

Baiwa ta matso da sauri. "Ranka ya daɗe, ai ɗanta ne, sunansa..."

"Ba ke na tambaya ba. Ke kika ce akwai hatsi, ga yashi." Ya zaro ɗan littafinsa. "Uwa ba ta san sunan ɗanta ba? In ba ta faɗa ba, kasat ya tafi wurin kwamanda, su nemo mai muryar su tambaye shi da kansu."

Kowa a wurin ya san yadda ake tambaya a wannan zamani. Shekara ta ji jini yana buga mata a kunne. Ta ja numfashi yadda aka koya mata, sau uku, ta zauna a gefen turmi. Ta dubi matan da suka yi shekaru suna yi wa 'ya'yansu misali da ita. Wasu suka kau da kai don su rage mata nauyi.

"Muntaka," ta ce.

Sunan ya fito a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba.

"Ban ji ba."

"Muntaka. Muntaka ɗan Malam Ɗan'azumi. Ni na haife shi."

Attaher ya rubuta. Ya saurari kasat har ƙarshe a tsaye, yana ɗaga gira duk lokacin da aka ce a zaga sau biyar, sannan ya miƙa mata rakodarta ya fita yana girgiza kai. Mata suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Baiwa ta tsaya a bakin ƙofa, hawaye na zuba.

"Yaya, ki yafe mini. Na tona miki asiri."

"Yunwa ce, ba ke ba. Je ki, Allah ya ba mu damina."

Da gidan ya rage ita kaɗai, Shekara ta zauna tana jiran abin da zai biyo baya. Ta ɗauka ƙasa za ta tsage, ko harshenta ya yi nauyi. Ba abin da ya faru. Kaza ɗaya da ta rage mata tana ta tono a gindin danga.

Ta waiga hagu, ta waiga dama. Sannan ta sunkuya kan turmin, ta sake faɗar sunan a hankali, don dai ta ji yadda yake a baki in ba soja a tsaye.