Hanta a Kumatun Auta

Ni na fara gani, tun uwarsa ba ta farga ba. Ban yi boko ba, amma mota ta kife da ni na tashi, kare ya yage mini ƙwauri na warke. In na ce yaro a gidan karnuka zai ƙare, to can zai ƙare.

Auta, jikana, yana ɗan shekara sha shida ya je inda ake horar da karnukan gadi, wai a koya masa. Mai horon ya miƙa masa shebur. Kullum kwasar kashi da wanke keji, ya dawo gida yana ɗoyi har kaji su watse. Ubansa, mai faci, ya ce ya gaji: in wata ya ƙare ba a ɗauke shi koyo ba, ya dawo shago ya kama taya.

Sai mai horon ya ba Auta wata karya mai kunne ɗaya, wadda duka ya hana ta kallon fuskar mutum.

"Ranar da ta dube ka ido cikin ido ta zauna, ka samu wuri."

Auta ya gwada ba ta nama a hannu, hannun kawai take kallo. Shi ne ya yanka dafaffiyar hanta ya cusa a kumatu. In ta ɗago kai, ya tofa mata guda, ta cafe. Tir! Haka yake wuni, baki cike, yawu na dalala.

"Kai, me ke bakinka?" in ji uwarsa.

"Kayan aiki ne, Inna."

"Wayyo ni, na haifi kwanon kare!"

Ranar ta ware masa kofi.

Ran gwaji muka bi shi, ni da ubansa. Mai horon ya dubi kumatun ya ce, "Tofar. Masu kare ba za su yi yawo da hanta a baki ba."

Auta ya tofar, ya kurkure. Ya kira karyar, ta sunkuyar da kai. Ya sake kira, ko motsi. A bayansa ya ji ubansa na kaɗa makullin shago. Sai ya durƙusa cikin jiƙaƙƙen simintin nan mai zarni, ya kira ta ƙasa-ƙasa.

Ta ɗago. Ta dube shi, ta zauna daram. Kafin a yi magana ta miƙo harshe ta lashe shi tun daga haɓa har hanci.

"Gobe ka bar shebur," in ji mai horon.

Ubansa ya tofar da yawu, ya mayar da makulli aljihu. Ni kuwa da na ga jini iri-iri ban girgiza ba, ranar abinci ya gagare ni.

Mai musu ya zo. Kofin na nan rataye a ƙusa bayan ƙofa. In ya isa, ya sha ruwa da shi.