Kujerar Bakin Gada

Kafin kowa a garin ya san inda kogin yake fitowa, Baba Mai Guduma ya gani. Ya gani tun yana yaro, shekarar da fari ya ƙone gonaki. Akuyar gidansu ce ta ɓace, ya bi sawunta har cikin duwatsu, ya same ta ta durƙusa tana sha a gindin wani falalen dutse, ruwa yana ɓulɓulowa daga ƙasa, yashi yana rawa a cikinsa. Lokacin babu hanya, babu allon kwatance, uban hedimastan da ke yawo da lasifika yanzu ma ba a yaye shi ba. Ya faɗi wannan a kasuwa, ya faɗa a zaman makoki, ya faɗa wa likitan da ya ɗinke masa ƙafa. Wanda ya gaji da ji, shi ya sani.

Don haka da makarantar garin ta shirya tattaki, aka ce za a bi ta karyayyiyar gada, a leƙa tsohon ramin fasa dutse, a ƙare a idon ruwa, har da baƙi daga birni, bai tsaya tambayar wanda zai ja gaba ba. Ya sa Auta, 'yarsa da ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, ta wanke masa rigarsa mai aljihu, ya shafa man zafi a gwiwa, ya fita da sandarsa.

A bakin gada ya tarar da lema a kafe, da kujerun roba biyu a ƙarƙashinta. Tela, abokin tsiyarsa tun suna samari, ya riga ya baje a ɗaya, an danƙa masa lemon kwalba. Hedimasta ya taho da sauri ya rusuna, ya yi bayani cikin ladabin da ke sa mutum ya ji kamar an lulluɓe shi da bargo a tsakiyar rana. Wai hanyar da nisa, ga hawa. Wai an ga ya fi kyau dattawa su zauna a nan, baƙi su tsaya su ji labarin ambaliya daga bakin waɗanda suka gani, a ɗauki hoto, a wuce.

"Ai ku ne tarihin garin nan, Baba."

"Wato ni da gadar nan ɗaya muke," in ji Mai Guduma. "A zo a kalle mu a tafi."

Tela ya ce ya zauna kawai, tsohon banza, gadar ma ta fi shi tsayuwa, don ita ba ta tari.

Bai ko dubi Tela ba. Shi da yake kan gadar nan ranar da ruwa ya raba ta biyu, ruwa ya yi gaba da shi ya yar a kan reshe, ya sauko da kansa. Shi da bangon ramin dutse ya rufto wa, aka zaƙulo abokan aikinsa ba rai, aka zaƙulo shi yana zagin wanda ya taka masa hannu. Shi ne yau za a ajiye a ƙarƙashin lema kamar kayan gwanjo. Ya gaya wa hedimasta cewa da ƙafarsa zai kai idon ruwa, kuma kada wanda ya riƙe masa hannu.

Da farko yana cikin na gaba. Bai jima ba ya koma tsakiya, sai ya zama 'yan makaranta suna ratsa shi ta dama da hagu suna yi masa sannu. Da ya waiga don ya ga ko akwai sauran wani a bayansa, sai ya ga Auta, da kujerar roba kife a kanta.

Ya ce ta mayar musu da abarsu. Ta ce ba tasa ba ce, tata ce. Ita ma ta ajiye shekaru, kuma ƙafafunta kumbura suke yi. Ya ce to ta yi nesa da shi, kada a ce tare suke. Ta ce duk garin an san wanda ya haife ta.

Hanyar ba yadda ya bar ta take ba. Ko dai an ƙara mata tsawo, ko an ɗaga tudun. Rana ta hau, gwiwar da aka ɗinke ta fara magana, ɗayar ta amsa mata. Rigar ta manne masa a baya. Yakan tsaya kamar yana duba wata bishiya, ya ce a da babu ita a nan, Auta kuma takan tsaya ta duba bishiyar tare da shi har numfashinsa ya dawo. Ba ta taɓa sauke kujerar ba, shi ma bai taɓa kallonta ba.

Da suka isa ramin dutse, jama'a sun taru a baki, hedimasta yana bayani da lasifika. Ramin ya cika da koren ruwa, kwaɗi sun gaje shi. Wata baƙuwa mai faffaɗar hula ta tambaya ko akwai sauran wanda ya yi aiki a nan, sai aka buɗa masa hanya, duk idanu suka dawo kansa. Abin da ya yi shekara da shekaru yana jira ke nan. Yana da labarin yadda ake sauraron dutse da guduma kafin a sa masa ƙarfe, da yadda ƙura ta riƙa zuba daga bango da safen ranar da ya rufta, ya faɗa ba a ji ba. Ya buɗe baki, iska ta ƙi zuwa. Ƙirjinsa sai kuka yake yi kamar tsohuwar ƙofa. Ya ɗaga sanda ya nuna bangon da ya rufta, ya ce, "Can." Suka jira. Baƙuwar ta gyaɗa kai, ta yi masa godiya, aka ci gaba da tafiya.

Ya zauna a kan dutse, ba a kan kujera ba. Auta ta miƙa masa gorar ruwa. Ta ce ya isa haka, kowa ya ga ya zo ramin, babu wanda zai ce bai yi ƙoƙari ba.

"Ƙoƙari na yara ne," in ji shi. "Ni idon ruwa na ce."

Daga nan hawa ne zalla. Bai san tsawon lokacin da suka ɗauka ba. Ya dai san inuwarsa ta bar gabansa ta koma gefe, kuma tun bai kai ba ya fara cin karo da masu dawowa, da rigunansu a jiƙe, suna dariya. Kowa ya ce saura kaɗan, Baba. Hedimasta ya ce ya juyo haka nan, ga ruwan ma an ɗebo a gora, ya sha albarka. Ya ce bai hau tudun nan don ya sha ruwan gora ba. Auta ta ja hedimasta gefe ta roƙe shi ya turo mai babur zuwa bakin ramin dutse. Mai Guduma ya ji, ya yi kamar bai ji ba.

A gindin hawa na ƙarshe Auta ta sauke kujerar, ta zauna a kai, ta cire takalmanta. Fuskarta ta yi fari-fari. Ta ce ita kam nan ta tsaya, in zai mutu ya mutu inda za ta iya hango shi. Sai a lokacin ya lura da furfurar da ta leƙo daga ɗankwalinta. Ya ce ta juya baya. Ta tambayi dalili. Ya ce ta dai juya.

Da ta juya, ya ajiye sandar, ya sa hannu a ƙasa. Da rarrafe ya hau, da gwiwa da tafi, wani wurin da gindi, yana ja da baya kamar mai saukar da buhu. Tsakuwa ta yanke shi, ƙaya ta kama rigar. Ya ji ƙarar ruwan kafin ya gan shi.

Falalen dutsen yana nan, sai dai ya ƙanƙance. An yi wa wurin ɗan dakali na siminti, an watsar da ledoji da bawon lemo. Amma a gindin dutsen ruwan yana fitowa, yashi yana rawa a ciki. Ya miƙe tsaye, don ba zai isa gare shi a durƙushe ba. Ya taka, ƙafar hagu ta nutse a taɓo har ƙauri. Ya ja, ta fito babu takalmi. Ya laluba da hannu, ya gaji, ya bari. Ya sha, ya wanke fuska, ya zauna. Babu kowa da zai gaya wa komai, kuma bai ji yana so ba.

Saukowa ba abin ba da labari ba ce. Kafaɗar Auta ta yi aiki, mai babur ya yi saura. Shi dai hawa ya yi alkawari.

Ya yi kwanaki a kwance, ƙafafun kamar na aro. Tela ya zo dubiya, ya zauna a bakin gado yana cin ayabar da aka kawo wa mara lafiya. Ya ce a gari ana cewa a gindin tudu ya tsaya, don duk waɗanda suka sauko a can suka bar shi, kuma Auta da kanta ta ce ita ba ta ga komai ba, baya ta juya.

Mai Guduma ya yunƙura ya jingina da bango. Ya sa aka jawo takalmin da ya rage daga ƙarƙashin gado, ya jefa wa Tela a cinya.

"Ungo. Ɗan'uwansa yana can cikin taɓo, hagu da dutsen. Kai da duk mai cewa ban kai ba, ku hau ku sa hannu ku zaro shi. In kun iya hawan."