Haƙoran Tela a Bakin Teku

Shekara shida Tela yana ɓoye wa abokansa cewa haƙoransa huɗu na gaba na roba ne. Daga matarsa sai kofin da yake jiƙa su a ciki, babu wanda ya sani. Da Makanike ya kawo shawarar su je bakin teku su huta kwana biyu, Tela ne ya fara amsawa, don ɗinkin wani biki ya kusa makantar da shi. Na ukunsu Gajere ne, malamin lissafi, wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofa amma sunan firamare ya ƙi sakinsa.

Ɗaki ɗaya suka kama a wani masauki, gado biyu da katifa a ƙasa, fanka tana juyi kamar an yi mata dole. Ko jaka ba su buɗe ba Makanike ya ce a tafi ruwa.

"Ni kallo na zo," in ji Tela.

"Kallo da sabon gajeren wando? Har aljihu ka yi masa, mutumina. Shiga kawai."

Ya shiga zuwa gwiwa. Sanyin ya yi masa daɗi, ya ƙara zuwa ƙugu, ya ba teku baya yana ɗaga wa Gajere hannu ya ɗauke shi hoto. Yana cikin wangale baki igiyar ruwa ta make shi a ƙeya. Ya kwankwaɗi ruwan gishiri, ya taso yana tari, ya kai harshe gaba ya ji fili fetal.

Ya toshe baki da hannu ɗaya, ya durƙusa yana laluben yashi da ɗayan.

"Makullin ɗaki ne ya faɗi?" in ji Gajere.

Tela ya girgiza kai.

"To yi magana mana."

"Haƙorana," ya ce, rabin maganar duk iska ce.

Makanike ya leƙa bakin, ya zauna daɓas cikin ruwa yana dariya har da hawaye. "Ashe murmushin nan na kanti ne? Ni da na faɗa maka har zancen basir ɗina?"

Gajere bai yi dariya ba. Ya ɗauki kara ya raba bakin ruwan gida uku, ya ba kowa nasa. Cikin awa guda suka tsinci silifa ƙafa ɗaya, da murfin kwalba, da wani ɓawon dodon koɗi wanda Makanike ya rantse zai yi wa Tela daidai. Wata mai gasa kifi ta tambayi abin da ya ɓace, Makanike ya faɗa mata ba tare da rage murya ba. Kafin a jima masunta sun bar gyaran komar kamun kifi sun zo jaje.

Tela ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Wani tsohon masunci ya dafa shi ya ce, "Ƙanena, ruwan nan yakan mayar da kaya, amma sai bayan kwana uku, kuma a wani gari." Ya yi dariya, sai ga haƙora biyu kacal a bakinsa. "Da waɗannan na aurar da 'ya'ya bakwai. Zo mu ci kifi."

Suka zauna a inuwar kwalekwale. Tsohon ya koya masa tura loma gefe. Tela ya cinye kifi biyu, fushin ya tafi, har ya sauke hannu daga baki ya shiga hira.

Da yamma ya kira matarsa.

"Uwar yara, teku ya ƙwace haƙorana."

"Kai ka fito lafiya?"

"Lafiya lau."

"To madalla. Amma in ka shigo unguwa, gaisuwa da hannu."

Ranar komawa, a hanyar gida, Makanike yana tuƙi yana sa shi ya ce "sittin da shida". Tela ya faɗa sau uku, a na huɗu ya ce ya gaji, ya jingina da taga ya yi barci baki buɗe.