Hoton Jaririn Mansur

Mansur yana riƙe da fulas ɗin kunun kanwa a ƙofar ɗakin masu jego na asibiti, wayarsa ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce.

"Barka da arziki, Mansur. An ce namiji ne. Ashe Kaduna ka ɓuya? Mun daɗe muna biɗar ka."

Kafin ya ce wane ne, aka kashe.

Ya tsaya cak. Harshen Zamfara ne, babu tantama. Tun da ya nuna wa jami'an tsaro mutumin da ke kai wa 'yan bindiga rahoto a ƙauyensu, ya kwashi matarsa Rashida suka gudo unguwar Mando a Kaduna, yake jan motar haya, ko 'yan uwansa bai gaya wa unguwar da yake ba. Jiya da yamma aka haihu. To wa ya kai labari?

Zuciyarsa ta tafi kan Gwaggo Kande, ƙanwar mahaifin Rashida da ta zo zaman jego. Ya yafito ta waje.

"Gwaggo, don Allah wa kika kira a gida?"

"Ni? Wayar da ko kati babu?" Ta miƙa masa, ranta a ɓace. "Duba da kanka."

Ya duba, kunya na cin sa. Babu kira ko ɗaya.

Yana juyowa ya ci karo da nas ɗin da ta karɓi haihuwar, fuskarta cike da fara'a.

"Angon ƙarni! Ka ga ɗanka ya yi farin jini kuwa?"

Ta nuna masa shafin asibitin na Fesbuk. Ga jaririn cikin farin tawul, ga gefen fuskar Rashida, a ƙasa an rubuta: Muna taya Malam Mansur Ɗanasabe na Mando murna.

"Sista, wa ya ba ku izini?"

"Haba Malam, kowa muna saka wa. Wasu ma roƙo suke yi."

"Goge shi. Yanzu."

Ta so yin musu, sai ta kalli idonsa ta fasa. Ta goge, sannan ta ce a hankali, "Amma fa mutane sun riga sun tura."

Mansur ya dubi barandar. Wani mai jar hula yana zaune kan benci, babu kwano a hannunsa, babu katin asibiti. Wani kuma ya jingina da bango yana latsa waya. Da safe duk ya gaisa da su. Yanzu duk wanda ya ɗaga kai a cikinsu sai Mansur ya kawar da fuska.

Ya shiga ɗakin. Rashida tana shayarwa, ta ɗago tana murmushi.

"Lafiya? Na ga fuskarka ta canza."

"Za ki iya tafiya?"

"Likita ya ce sai gobe."

"Na sani. Za ki iya?"

Ta kalle shi. Sai ta ce Gwaggo ta haɗa kaya.

Ta ƙofar baya suka fita. Ya bar motarsa inda take, ya tare mai Keke Napep.

"Ina muka nufa, Alhaji?"

Can Mando ragon suna yana ɗaure a tsakar gida, maƙwabta na jiran mai jego. Mansur ya gyara wa jaririn mayafi har ya rufe masa fuska.

"Mu je tukuna," ya ce. "Zan gaya maka a hanya."