Takardar Ban Haƙuri a Gaban Aji

Malamar kimiyya tana da wata ƙwaƙwalwa ta roba a kan teburinta, irin wadda ake ɓallewa gida-gida. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana cire ɓangaren goshi tana ɗaga wa ɗalibai. "Wannan shi ne birki," in ji ta. "Shi ke ce wa mutum dakata, yi tunani. Ba ya gama ƙwari sai an haura ashirin. Totur kuwa tuni ya haɗu." Yara su yi dariya, su rubuta, su ci jarrabawa. Ita kanta ba ta taɓa tafiya da maganar gida ba, sai da abin ya biyo ta kan autarta.

Auta shekararta sha shida, ba ta taɓa wuce na biyu a aji ba. Ranar Talata ta buɗe bututun gas na ɗakin gwaji ta ƙyasta ashana, don kawai wata ƙawarta ta ce ba za ta iya ba. Labule ya kama, girar wata yarinya ta babbake. Saura mako uku jarrabawar fita.

A kicin malamar ta tsare ta. "Me ya kai ki?"

"Wallahi Mama ban sani ba. Na ga duk suna kallona ne."

Auta ta yi kuka har idonta ya kumbura, sannan ta zauna ta rubuta takardar ban haƙuri shafi guda, ta karanta wa uwarta sau huɗu. Yarinyar in tana ita kaɗai hankali ne da ita kamar wata tsohuwa. Abin da ya ɗaga wa malamar hankali ke nan, domin ba ita kaɗai za ta karanta ba.

Dokar makarantar ita ce mai babban laifi ya karanta takardarsa a gaban ajinsu, shugaban makaranta na zaune. In ya ga nadama, dakatarwar mako guda. In bai gani ba, kora, a kuma cire sunan ɗalibi daga masu jarrabawa. Abin haushi, malamar ce da bakinta ta kawo shawarar a taron malamai shekara shida da suka wuce, har da yi mata tafi.

Da safe ta sami shugaban a ofis. "Ranka ya daɗe, a bar ta ta karanta a nan. Yaran nan in suka ga idon 'yan uwansu, ba su ba ne."

Bai ko ɗago daga takardunsa ba. "Malama, bara ɗan mai gadi a gaban aji ya karanta. Murmushi ɗaya ya yi. Na tuna wadda ta sa hannu a korarsa."

Ta juya ta fito.

Ƙarfe goma Auta ta tsaya gaban allo, kusa da teburin da ƙwaƙwalwar robar take. Ɗalibai arba'in sun yi tsit. Ta karanta layi na farko lafiya, na biyu lafiya. Malamar na tsaye a bakin ƙofa tana addu'a a zuci, ba ta kallon komai sai gefen bakin 'yarta.

Daga can baya wani ya hura iska ta tsakanin haƙoransa, a hankali, daidai ƙarar gas. Kafaɗu suka fara girgiza. Auta ta cije leɓe, ta sunkuyar da kai, ta sake neman layin da ta tsaya. Gefen bakin ya motsa. Dariyar ta kufce mata, hawaye na zuba, tana girgiza kai tana kallon uwarta.

Shugaban ya zare murfin bironsa, ya rubuta abin da zai rubuta. Takardar kora hannu biyu take bukata, nasa da na malamar da ke kula da ɗakin da aka yi laifin. Ya turo wa uwar Auta ita ta kan teburin, ya ɗora biron a kai.

Ba ta nemi a nuna mata layin sa hannun ba. Ta san inda yake, a ƙasa daga dama.